Lambar da Aka Ba Kafaɗar Coring

Iloilo, 4 ga Fabrairu

A saurara, mutanen Panay da na Negros da na duk tsibirin da teku ta ga dama ta bari a sama. Daga ranar Litinin da ta wuce, da ƙarfe tara da kwata na safe, ni Eleuterio Sumagaysay, mai ba cututtukan Amurkawa lamba a hawa na shida, na sami kujera mai wurin ɗora hannu. Shekara goma sha ɗaya na yi a kan wadda ba ta da shi, ban kai ƙara ba, ban tayar da bore ba. Masu rubuta tarihi su gyara alƙalumansu.

Zuwa ga ƙanwata Inday Coring, jikar Lola Pilar wadda ta fito ciki ɗaya da kakana, a birnin General Santos.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata mahaifiyarki Nanay Saling da maigidanki Pinong suna lafiya. Matata Purita, Manang ɗinki, wato yayarki, tana gaishe ki. Hawan jininta ya sauka tun da na ɓoye mata rediyo. Ni kuwa lafiyata ƙalau, in ban da baƙin cikin da takardarki ta jefa ni, wanda zan zo kansa yanzu.

Wasiƙarki ta iso tare da kwafin takardar likitar kamfaninku na kifin gwangwani. Tambaya ɗaya kika yi: shin wannan takarda za ta sa inshorar kamfani ta biya tiyatar kafaɗarki, a kuma riƙe miki gurbinki a layin gyaran kifi har ki warke? Amsa ita ce e, domin ta ce rauni ne kika ji a bakin aiki. Da ni ƙaramin mutum ne, da nan zan tsaya in sa hannu.

Amma idona ya faɗa kan lambar da aka ba kafaɗarki, har sai da na ajiye cokali. S43.4. Harafi ɗaya da alƙaluma uku, tsirara, kamar wanda gobara ta koro daga wanka. Ba ki san girman wannan abin kunya ba, don haka bari in karantar da ke kyauta.

Aikina shi ne in karanta abin da likita ya rubuta a wani asibiti can Ohio, wanda ban taɓa gani ba, game da majinyacin da ba zan taɓa gani ba, in mayar da ciwonsa lamba, domin masu inshora ba sa jin kuka, lamba kaɗai suke ji. Littafinmu yana ɗauke da lamba kusan dubu saba'in, kafaɗa kaɗai unguwa ce guda a cikinsa. In jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ce ta ja, wannan targaɗe ne, gidansa S43. In tsoka ce ta yage, ko igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, wannan wani gida ne daban, S46, kuma mazauna gidajen nan biyu ko gaisawa ba sa yi. Sannan a faɗi dama ce ko hagu. Sannan harafin ƙarshe, mai nuna ko ana tsakiyar magani ne, ko ana bin sawu, ko tabo ne ya rage. Ba'amurken da ya zame a banɗakinsa yana samun gurabe bakwai cif. Ke da kika yi shekaru kina ciyar da shi kifi, an ba ki huɗu, an cusa targaɗe da yagewa a buhu ɗaya, ba a ma ce wace kafaɗa ba ce, sai ka ce guda ɗaya gare ki a tsakiyar ƙirji.

Mu in muka ga likita ya yi rowar tawada, takardar tambaya muke aika masa. Dokar sana'a ta hana mu sa masa amsa a baki. Dole mu jera duk abin da zai iya yiwuwa, shi ya zaɓa. Na shirya miki ɗaya, tana cikin ambulan, da akwati huɗu: targaɗe, yagewar tsoka saboda rauni, zaizayewar gaɓa ta tsawon shekaru, ba rauni ba, ko wani abu daban. Ki kai wa likitar ta yi alama ɗaya.

Yayanki,
Manong Teryo


General Santos, 16 ga Fabrairu

Manong Teryo,

Ina gaisuwa, ina gaida Manang Purita. Barka da kujera. Na faɗa wa Nanay, ta ce a tambaye ka yaushe ne baftismar kujerar, ta ɗinka sabuwar riga. Ƙafarta ta yi sauƙi. Pinong yana nan yana fama da kekensa na haya, fasinja ya yi ƙaranci tun da aka gyara hanyar kasuwa.

Ni dai hannun yana nan yadda yake. Ta dama ce, tunda littafinka yana son sani. Tayar amalanken kifi ce ta faɗa ramin kwata, tire ya sulmiyo daga sama cike da dafaffen tuna, ga abokiyar aikina Jocelyn a gabansa da cikinta wata bakwai. Ban yi tunani ba, na miƙa hannu na tare. Na ji wani abu ya ce ɓas, kamar an karya reshen ayaba. Yanzu hannun ba ya wuce nan, ka gane, daidai ƙirji. Pinong ke ɗaure min gashi da safe, kuma ɗaurin akuya yake min.

An sa ranar aikin tiyata, 20 ga Maris, a birnin Davao. An ce wata huɗu zan yi in koma layi.

To ga maganar takardarka. Na karanta ta sau uku, Turancinta ya fi na Fadan cocinmu kyau. Amma bari in faɗa maka yadda muka yi da likitar kamfani, Dakta Sobrevega. Ta daɗe tana kallon hoton kafaɗata, har na ɗauka ta manta ina zaune. Sai ta juya fuskar na'urar gefe, ta yi rubutu da sauri, ta ce min, "Manang, wannan takarda ki kai ofis yadda take. Kada ki bari kowa ya ƙara mata ko ɗigo. Kuma kada ki dawo wurina sai bayan an yi aikin." Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali ta faɗa, tana kallon ƙofa.

Sannan akwatinka na uku ba ya min daɗi, Manong. Shekara goma sha tara ina layi, awa goma sha biyu hannu a sama hannu a ƙasa. Wace mace ce a cikinmu kafaɗarta ba ta zaizaye ba? Ka zo ka gan mu a jifni, motar hayarmu, in an tashi aiki, ba mai iya kama ƙarfen sama, duk a cinya muke ajiye hannu kamar 'yan coci.

Ni da a bar ta haka. Huɗun ma sun ishe ni, ni ba Ba'amurkiya ba ce.

Taka,
Coring


Iloilo, 24 ga Fabrairu

Inday Coring,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Mu lafiya. Ki faɗa wa Nanay Saling zolayarta ta iso kuma an shigar da ita inda ake ajiye irinta.

Na karanta maganar likitarku, na yi murmushin wanda ya ga tsohon sani. Rubutun likitoci ɗari biyu ke bi ta gabana kowane mako, na san wannan jinsi ciki da waje. "Kada ki dawo wurina" ita ce addu'ar safe ta duk malalacin likita tun zamanin Rumawa. Ta kalli ƙofa ne domin abincin ranarta yana bayan ƙofar.

Saurari abin da ba ta faɗa miki ba. Likitan Davao zai buɗe kafaɗar, ya ɗinke igiyar tsoka, ya rubuta haka. Mai inshora zai ajiye takardu biyu gefe da gefe: ɗaya ta ce targaɗe, ɗaya ta ce ɗinkin tsoka. Zai ce ba su dace ba, ya rufe fayil, ya tafi shan kofi. Na ga an yi haka sau ɗaruruwa, ga mutanen da suka fi ki lauya. Takarda mai duhu ramin mugunta ce. Haske kaɗai ke tsare talaka.

Akwati na uku kuwa ado ne na doka, kamar maɓallin hannun kwat. Tire ya faɗo, mutane sun gani, wane mahaukaci zai taɓa shi?

Kada ki miƙa mata takardar hannu da hannu, domin za ta kwana a ƙarƙashin kwano. Ki kai ofis, a buga mata hatimin karɓa, a saka ta cikin fayil. Abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Wannan ita ce aya ta farko a sana'armu.

Ba shawara nake ba ki ba, Inday. Manong ɗinki ne, babban yayanki, ke magana.

Eleuterio


General Santos, 3 ga Maris

Manong,

Muna lafiya, ina gaida gida. To, kai ka yi karatu. Na kai ranar Litinin, an buga hatimi, har biyu ma, yarinyar ofis ta ce ba ta taɓa ganin takarda mai kyau haka ba.

Coring


Iloilo, 22 ga Afrilu

Zuwa ga Uwargida Concordia Tupas, wato Coring, in har tana tuna wani tsoho a Iloilo.

Gaisuwa irin ta wanda aka manta. Muna lafiya, ko da yake ba a tambaya ba. Purita ta gano inda na ɓoye rediyo, jininta ya koma mazauninsa na da.

Kwana hamsin ke nan ba layi ɗaya daga gare ki. Ashirin ga Maris ta zo ta wuce, na kunna miki kyandir a cocin Jaro, na ƙone ɗan yatsa a kan haka. Mako Mai Tsarki ya zo ya wuce. Na rubuta sau biyu, shiru. Na kira lambar Pinong, wata murya ta ce ba a samunsa, kuma ko ita muryar ta fi ku ladabi.

Ba na jin haushi. Duk wanda ya karanta tarihi ya san makomar masu taimako: ana tunawa da su lokacin zazzaɓi, a manta da su lokacin biki. Na san yadda abin yake. An ɗinke kafaɗa, an ba ta lambarta mai daraja, S46 da 'yan rakiyarta, kina kwance ana ba ki romon kaza, maƙwabta suna yaba likitan Davao, ba wanda ya ce a gaida mai akwati huɗu. Haka duniya take tun kafin jiragen Sifaniyawa su iso.

Abu biyu kawai nake nema. Ki aiko min kwafin amsar likitar, domin in ga wane akwati ta zaɓa, na ɗaya ko na biyu. Mun yi musu da wani abokin aikina a kai. Sannan in hannun ya fara ɗaguwa, busasshen kifin nan na bara bai yi laifin da za a daina aiko shi ba.

Wanda aka yi watsi da shi,
Manong Teryo


General Santos, 9 ga Mayu

Manong Teryo,

Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, kwana uku na ɗauka. Nanay lafiya. Pinong ya sayar da wayar, shi ya sa ba ka same shi ba. Wasiƙunka duka uku sun iso. Na buɗe biyu nan take, ta ukun Pinong ya sa na ci abinci kafin in karanta.

Ba a yi aikin ba.

Kana son sanin wane akwati. Ka faɗa wa abokin musunka ku duka kun faɗi.

Ranar 13 ga Maris Dakta Sobrevega ta aiko a kira ni. Ta rufe ƙofa. Takardarka tana kan tebur da hatimanta biyu. Ta ce, "Wa ya rubuta miki wannan?"

Na ce, "Manong ɗina ne, da Amurkawa yake aiki." Har da ɗaga kai na faɗa, Allah ya yafe min.

Ta ce, "Na gani. Babu kuskure ko ɗaya a ciki." Sai ta juyo min da fuskar na'urar, wannan karon ta bar ni in gani. Ta ce, "Manang, abu biyu ne a hoton nan. Ga tsohuwar zaizaya, igiyar ta yi sirara kamar tsohon tawul. Ga kuma inda ta ƙarasa tsinkewa ranar da tire ya faɗo. Da ba wanda ya tambaye ni, na rubuta abin da ya faru ran nan, kuma ba ƙarya na yi ba. Wancan likitan na Davao ajinmu ɗaya, ya san yadda zai rubuta nasa. Mata goma sha ɗaya na wuce da su ta wannan ƙofa a haka. Yanzu an tambaye ni a rubuce, ofis ya aika wa masu inshora kwafi, likitansu ya ce a kawo masa hoton. Yana hannunsa tun jiya."

Na ce, "To ki sa na biyu mana, Dakta, ai tiren ya faɗo."

Ta ce, "In na sa na biyu zai ɗaga hoton nan a gaban hukuma, ya nuna zaizayar, ya ce na ɓoye. Daga nan sai a buɗe fayil goma sha ɗaya."

Ta sa alama a na uku ina kallo. Ta rubuta a ƙasa cewa faɗuwar tiren ce ta tsananta ciwon, layi huɗu ta yi, ta ja musu layi. Ta ce min gaskiya, lamba ɗaya ce ke shiga na'ura, abin da ke ƙasa ba mai karantawa. Lambar ita ce M75.1, tunda kana tara su. Ta ce S gidan abin da ya same ka rana ɗaya ne, M gidan abin da ya ci ka a hankali, kuma na farkon ne kawai kamfani ya san da shi. Ka ga ni ma na yi karatu yanzu.

A ofis wani mai turare ya ce min, "Manang, ciwon shekaru ne, daga gida kika zo da abinki." Na ce, "Daga gida? Ina da shekara ashirin da uku na shigo ƙofar nan, buhun shinkafa nake ɗauka da wannan hannun ina waƙa. Gidan uban wa na kai shi ya zaizaye?" Ya ce in rage murya. Na ce murya ce kaɗai ta rage min da ke ɗaguwa.

An soke Davao saura kwana uku. Ƙarshen wata suka ce wadda ba ta iya ɗaga tire ba za a sabunta mata kwantiragi ba. Gurbina yana hannun wata 'yar garin Polomolok, an ce tana da sauri. Jocelyn ta haihu, mace, ta zo ta nuna min ita, ban iya karɓarta ba sai a cinya.

Yanzu ayaba nake soyawa a ƙofar gida. Hagu tana koyo. Na ƙone sau biyu.

Ba kai kaɗai nake zargi ba. Da kunnena na ji matar nan, na ga yadda ta kalli ƙofa, na kuma rubuta maka. Amma ka ce Manong ne ke magana, mu kuma haka aka raine mu. Abin da ke ci na shi ne, tambaya ɗaya na yi maka, ka amsa ta daidai a layi ɗaya, ka ce e. Da biron ya ƙare a nan.

Na san abin da kake yi yanzu, ka jawo takarda za ka rubuta ɗaukaka ƙara. Kada ka yi. Ƙara za ta sa a sake buɗe hoton, daga shi a buɗe na sauran matan, kuma biyar daga cikinsu suna layi har yau. Kada ka sake rubuta sunana a kan wata takarda mai zuwa ofis, ko da ta gayyatar biki ce.

Babu kifi bana.

Coring


Iloilo, 18 ga Mayu

Inday,

Ina gaishe ki, ina gaida Nanay Saling da Pinong. Purita ta karanta wasiƙarki kafin ni, ta ajiye min ita a kan faranti a maimakon abinci, kuma tun ranar maganarta da ni ba ta wuce "matsa" ba.

Kin makara da kashedinki da awa shida: shafi goma sha ɗaya na riga na rubuta kafin in kai ƙarshen wasiƙar, domin na tsaya a tsakiya na jawo takarda, kamar yadda kika ce. Da na karanta sauran, na kai su bayan gida na ƙone. Ita ce ƙara mafi kyau da aka taɓa rubutawa a tsibirin nan, kuma ba mai ganinta.

Na zaunar da kotu a kaina, ni ne alƙali, ni ne mai laifi, ba lauya. Domin a yi adalci, na goge sunanki da na likitar daga takardar tambayar, na kai wa mai binciken aikinmu, matar da ba ta taɓa ba ɗan Adam cikakken maki ba. Na yi fatan ta sami aibi, ko ƙarami, in riƙe shi in ce ga inda na zame. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau, ta ce ba ta taɓa ganin tambaya mai tsabta haka ba, ba ta karkata ko'ina ba, ta roƙi in ba ta ta riƙa koyar da sababbin ma'aikata da ita. Na karɓe abata na fito.

Daga nan na koma littafin. Akwai lamba ga wanda agwagwa ta ciza. Akwai ga wanda ya yi karo da turken fitila, karo na farko da na biyu. Na bi dubu saba'in ɗin, ban sami ta matar da ilimin ɗan'uwanta ya faɗo mata a kafaɗa ba. A da, da na ce miki tunda ba shi da lamba bai faru ba.

Kotu ta rasa hukuncin da ya kai laifin, domin ba ni da kafaɗar da za a cire a ba ki, tawa ma ta zama ta mai zaman ofis. Saboda haka ta yanke abin da ƙarfinta ya kai, tana sane da ƙanƙantarsa. An ci Eleuterio Sumagaysay tarar kwalba ɗaya ta man zafi, ƙarama, wadda ake sayarwa a bakin kasuwar La Paz. Mai laifi ya biya nan take bai ɗaukaka ƙara ba. Tana cikin kwalin nan, naɗe a leda uku, domin na sassauta murfin yadda hannu ɗaya zai iya buɗewa.

Teryo